Godiya ga Ma'aikatan Gandun Gooseberry Falls

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan gandun Gooseberry Falls, jihar Minisota, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a, domin abin da kuka yi wa mahaifina ya fi ƙarfin godiyar baki.

Baba ya zo mana ziyara daga Haɗeja. Mutumin fadama ne, ya tashi cikin tsuntsaye, da jin kuka yake gane mai shi. Amma ciwon gwiwa ya zaunar da shi, kuma zaman ɗaki a Minneapolis ya fara sa shi shiru. A tsakiyar Satumba muka ɗauko shi, muka wuce garin Duluth, muka bi hanya mai lamba 61 ta gefen Tafkin Superior har wajenku, gabana yana faɗuwa kada mu je ya ƙare a mota.

Ashe kun riga kun yi tunanin irinsa. Shimfiɗaɗɗiyar hanyar da kuka yi daga zauren baƙi ta kai keken Baba har inda ya ga matsirga da idonsa, ruwa mai launin shayi yana zubowa kan baƙin dutse. Kogin Gooseberry yana da matsirga biyar, biyu muka gani, sun kuwa ishe mu.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ma'aikaciyar da ta ba mu takardar sunayen tsuntsayen gandun. Baba ya ce in tambaye ta me ya sa shaho ke wucewa garke-garke, duk sun nufi waje ɗaya. Ba ta yi gaggawa ba. Ta rage tsawo daidai kekensa, tana magana ina fassarawa: ƙaura suke yi zuwa kudu, iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa ita ke ɗaga su, ruwan tafki kuwa sanyi gare shi, ba ya ba su wannan iskar, shi ya sa suke ƙin tsallaka shi, su bi gaɓa har Duluth. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Allah mai iko." Can sai ga mikiya mai farin kai ta gifta. Rabon da in ga irin wannan fara'ar a fuskarsa tun saukarsa jirgi.

Mun yi sallar azahar a bakin tafki, kusa da gine-ginen dutsen da samarin CCC, wani shirin gwamnatin Amurka na ba matasa aikin yi, suka yi tsakanin 1934 da 1941. Har yau suna nan daram, kuma ko leda ɗaya ban gani a ƙasa ba. Na san wannan ba ya samuwa sai da masu tashi da asuba.

Baba ya koma gida da takardar nan a aljihun rigarsa. Ya ce lallai in isar muku da gaisuwarsa, Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa aikinku albarka.

Naku mai godiya,
Ɗan Haɗeja mazaunin Minneapolis