Wa zai auna sauyi daga tushe?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan batun jure wa sauyin yanayi.

Tun a yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe suka amince da manufa guda kan wannan. Taron COP28, wato taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Dubai a 2023, ya ambaci sauyi daga tushe, wato a sake fasalin noma, ruwa da tsarin gari gaba ɗaya, ba faci ba. Amma aka watse ba a fayyace ma'auninsa ba.

Abin da nake tsoro shi ne masu ba da kuɗi su rubuta ma'aunin su kaɗai, ya koma sharaɗin samun tallafi, alhali tallafin ma yawancinsa bashi ne.

Manoman Maradi da Zinder, tun shekarun 1980, suke barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, har miliyoyin hekta suka farfaɗo. Ba wani babban kwangila aka bayar ba. Shin ma'aunin zai ƙirga irin wannan aiki? Wakilanmu su yi wannan tambayar a teburin tattaunawa kafin su sa hannu.

Naka,
Wani mai karatu daga Maradi