Gaisuwar Babbar Sallah, da shawarar zagaya tafkin Legas da yara

Liverpool, Ingila
Ranar Babbar Sallah

Assalamu alaikum, Yaya.

Barka da Sallah, Allah ya karɓi layya ya maimaita mana. A durƙusa a gaida mini Hajiya da kyau, a ce ina neman addu'arta. Ina gaida matan gida da yara da duk maƙwabtanmu na Agege.

Yaya, ka ce yara sun matsa a kai su yawon Sallah kuma ba ka son bakin teku saboda turereniya. Ga shawarata: kashegarin Sallah ku zagaya tafkin Legas da mota. Yaran nan a Legas aka haife su, amma abin da suka sani na garin bai wuce kasuwa da go-sulo ba, alhali a bakin ruwan nan akwai gine-ginen da tarihinsu ya shafe mu kai tsaye.

Motar tukuna. Da yammacin Sallah a duba ruwan lagireto inji yana sanyi, a duba baƙin mai da man birki, a kai wa mai faci ya auna iskar tayu har da safaya, don ita ce aka fi mantawa sai an buƙace ta a tarar ta sace. A canza robar waifa in tana barin zane a gilashi, tunda damina ce. A cika tanki a Agege. Guzuri kuwa ga soyayyen naman layya, sai ruwa aƙalla lita biyu ga kowane mutum, da tabarma da buta. Ku tashi ana idar da Asuba. Wanda ya kai ƙarfe tara a gida zai ɓata safiyarsa a kan hanya, kuma dare zai same shi bai dawo ba.

Ku hau gadar Third Mainland ta Oworonshoki. Tsawonta kilomita 11.8, an kammala ta a 1990, kuma ita ce mafi tsawo a Afirka har 1996 da wata gada a Alƙahira ta wuce ta. Ta hannun dama yara za su hangi Jami'ar Legas, sannan Makoko da gidajenta na katako a kan turaku cikin ruwa. Ta hagu kuma shimfiɗar tafkin. Kada a tsaya ɗaukar hoto a kan gadar ko na minti ɗaya. Bugun da za ku riƙa ji ƙarƙashin taya mahaɗar sassan gadar ce, gibin da aka bari da gangan domin kankare yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi.

Ku sauka ta Adeniji Adele, ku nemi wurin ajiye mota mai maigadi kusa da Marina, ku shiga cikin gari da ƙafa. Titunan tsohuwar Ikko matsattsu ne, da yawansu hannu ɗaya, kuma baƙon direba yakan shiga ta inda ake fitowa bai sani ba, a kama motar.

Abin da na fi so ku gani shi ne masallacin Shitta-Bey a titin Martins. Kada ƙanƙantarsa ta sa ku wuce. Wanda ya gina shi da dukiyarsa, Muhammadu Shitta, a Saliyo aka haife shi, ya yi arziki da fatauci a kogin Kwara. Maginin kuwa, João Baptista da Costa, yana cikin mutanen da ake kira Aguda, wato bayin da aka kai Brazil da zuriyarsu waɗanda suka dawo da sana'ar gini da sassaƙa a hannunsu. Shi ya sa in ka tsaya a gabansa za ka ga fuskar ba irin ta masallatanmu na Arewa ba ce, salon Bahia ta Brazil ne, da tsinin sama da ƙananan ƙawa masu tuna wa mutum zankwayen soro. An buɗe shi a watan Yulin 1894 gaban Gwamna Carter. Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na biyu ya aiko wakili da saƙon ba Shitta sarautar Bey, wakilin nan kuwa Abdullahi Quilliam ne, lauya Bature musulmi daga wannan gari na Liverpool, wanda masallacin da ya buɗe a 1889 yana nan har yau ana salla a ciki. Shitta bai daɗe ba bayan haka, ya rasu a 1895.

Ka gaya wa yara cewa a cikin waɗanda aka kai Bahia har da Hausawa, kuma su ne suka jagoranci boren bayi na 1807 da na 1814 a can. Babban boren musulmi na 1835 shi ya sa aka koro da dama, wasu kuma suka taso da kansu zuwa gaɓar nan. Idan sun ji haka, ginin zai zama nasu.

Ku lura da ƙasan bangon tsofaffin gidajen unguwar, musamman Water House a titin Kakawa, gidan iyalin Da Rocha. Za ku ga wasu gidajen yaɓensu ya kumbura yana zuba, da farin gari kamar kanwa. Dalili shi ne an gina su da jan bulo da farar ƙasa, wadda take barin bango ya sha iska. Ruwan ƙarƙashin Ikko yana kusa kuma da gishiri a cikinsa. Bulo yana zuƙo shi sama, ruwan ya bushe ya bar gishirin. In aka zo gyara aka shafe bangon da siminti, laima ta rasa mafita, sai ta ci bulon daga ciki. Gyaran da ya dace shi ne a kankare simintin, a bar bango ya bushe, a sake yaɓe da farar ƙasa da yashi mara gishiri. A sababbin gine-gine kuma rodi ne yake tsatsa da iskar teku, ya kumbura ya fasa kankaren da ya rufe shi.

Abin da ya fi laima ɓarna shi ne hannun mutum. Kusa da dandalin Tinubu akwai wurin da Ilojo Bar yake a da, ginin 1855 da aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. An rushe shi ranar 11 ga Satumban 2016, jajibirin Babbar Sallah. Wannan abu har yanzu yana mini ciwo, shi ya sa nake cewa a kai yara yanzu.

Babban Masallacin Legas mai hasumiya huɗu yana titin Nnamdi Azikiwe, an buɗe shi a 1988. Nan za ku sabunta alwala. A Marina ga majami'ar Christ Church, wadda aka aza tubalinta a 1925 aka gama a 1946, kallo daga waje ya isa.

Daga nan ku ɗauki mota zuwa Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu ranar 1 ga Oktoban 1960. Yara su ƙirga fararen dawaki huɗu da jajayen mikiya bakwai na bakin ƙofa. Gidan tarihi na Onikan, wanda aka kafa a 1957, yana kusa. A ciki akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. A bincika tun kafin ranar ko suna buɗewa lokacin hutu, kada a yi wa yara alkawari a tarar da ƙofa a rufe.

Kafin sha ɗaya ku kama hanyar Lekki zuwa Epe, ku ware mata awa biyu ko fiye. In an yi ruwa, akwai wuraren da yake kwanciya a titi. Ka tsaya ka ga inda yake kai wa motar da ke gabanka. In ya wuce rabin taya, a jira. In ba haka ba a shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba. Idan mota ta mutu cikin ruwa kada a sake murza makulli, domin ruwan da inji ya zuƙa ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarfen fistin. A tura ta waje. Bayan an fita kuma a tattaka birki sau uku ko huɗu ya bushe.

Epe garin masunta ne, kuma garin musulmi. Can Sarkin Ikko Kosoko ya koma da mutanensa bayan jiragen yaƙin Ingila sun yi wa Ikko ruwan wuta a ƙarshen 1851. Ya dawo a 1862, amma da yawa daga mabiyansa suka zauna, su ne ake kira Eko Epe. Ku yi Azahar da La'asar a babban masallacin Oke Balogun, ku biya kasuwar kifi ta Oluwo a bakin ruwa. Kifi mai kyau idonsa garau yake, kunnensa ja, naman yana dawowa in an danna. A tafi da kula da ƙanƙara. In yara sun nace sai sun hau kwalekwale, kowa da rigar hana nutsewa daidai jikinsa, in babu a haƙura.

Ku bar Epe kafin ƙarfe huɗu, ku dawo ta Itoikin da Ikorodu, sai ga shi kun kewaye tafkin. Tun da safe a tambayi direbobin tasha halin da wannan hanya take ciki. In sun ce ta lalace, ku koma ta inda kuka zo.

Hajiya ba za ta iya tafiyar ƙafa a cikin Ikko ba, amma in ta yarda a kai ta gidan tarihi ta ga motar Murtala. A turo mini hoton yara a ƙofar Shitta-Bey. Goron Sallarsu yana cikin saƙon da na aiko, ka raba musu da hannunka.

Wassalam,
Ƙaninka.