Wasiƙa zuwa ga iyaye: za a raya fakon bayan azuzuwa da tassa da rabin wata

Assalamu alaikum iyayenmu maza da mata, da duk mai riƙon yaro a wannan makaranta. Barkanmu da zafi, Allah ya kai mu damina lafiya.

Wasiƙar wannan wata magana ɗaya ta ɗauko. Filin nan na bayan azuzuwa, mai tsawon mita 30 da faɗin mita 20, ya zama fako, ko ƙaya ba ta fitowa a kansa. Hukumar makaranta da kwamitin gudanar da makaranta (COGES) sun tsai da shawarar a haƙa masa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu taki, da rabin wata, wato manyan ramuka masu siffar rabin da'ira da ke tare ruwa, kafin ruwan farko. Ba za a nemi ko dala a wurin kowa ba. Abin da ake buƙata shi ne taki, diga, shebur da ƙarfin manya.

Matsalar fako ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ce. Saman ƙasar ne ya yi ɓawo, ruwa ba ya shiga. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Ke nan idan an yi ruwan milimita 20, lita 12,000 ne ke sauka a filinmu, wato tano 60 mai cin lita 200. A yanzu kusan duka gangarewa yake yi, yana cin gindin katanga a hanyarsa. A nan Tahoua, inda matsakaicin ruwan shekara bai kai milimita 400 ba, wannan asara ce babba.

Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce a yankinmu. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake zurfafa ramin shuka ana zuba masa taki, suka dawo suka gwada. Ba a jima ba mutanen wajen Badagishiri suka fara sayen fako da kuɗinsu, ƙasar da a da ko kyauta ba mai karɓa. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya shi ma ya raya tuddai da duwatsu da ramuka, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa.

Tassa

Za a haƙa guda 300 a ɓangaren ƙasa na filin. Faɗin kowane rami santimita 30 zuwa 40, zurfi 15 zuwa 20, tazara mita guda. Layi na biyu ba ya bin sahun na farko: raminsa yana faɗawa ne daidai tsakanin biyu na sama, don ruwan da ya kuɓuce ya tarar da mai tare shi. Ƙasar da aka fitar a tara ta a gefen gangara, ta zagaye rabin bakin ramin. Wanda ya tara ta a gefen tudu ya toshe wa raminsa ruwa da hannunsa, kuma wannan shi ne kuskuren da aka fi gani.

A zuba taki cike da hannu biyu, kusan rabin kilo, a rufe shi da ƴar ƙasa don kada iska ta kwashe. Lalle ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana yin zafi idan ya sha ruwa, ya ƙone tsiro. Idan kun ga gara ta shigo, a ƙyale ta: ita ce ke huda ƙasa tana buɗe wa ruwa hanya zuwa can ƙasa. Ba za a shuka hatsi ba sai an samu ruwan da ya jiƙa ramin sosai, kamar milimita 20 ko fiye.

Ga masu son gwadawa a gona: tassa ba ta jigawa ba ce, rairayi zai cike ta tun ruwan farko. A fadamar laka kuma ruwa kwanciya yake har shuka ta ruɓe. Wurinta ƙasa mai tauri da gangara kaɗan.

Rabin wata

Nan ne aikin ke son natsuwa. Guda bakwai za a yi a ɓangaren sama, huɗu a layin farko, uku a na biyu. Dole ƙahonin kowane rabin wata su zauna a tsayi ɗaya. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙasa ko da kaɗan ne, duk ruwan can zai bi, ya yanke gefen, ya fara zaizayar da ba a da ita.

Ido ba ya iya wannan awo, don haka ƴan aji CM2, ajin ƙarshe na firamare, za su haɗa ma'auni mai siffar harafin A. Sanduna biyu masu tsawon mita biyu a ɗaure kawunansu, a buɗe ƙafafun mita biyu daidai, a gicciya ta uku a tsakiya, a rataya igiya daga sama da dutse a ƙarshenta. Kafin a fara a tsayar da shi, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, a juya shi ƙafafun su musanya wuri, a sake yin alama. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ta gaskiya. Duk inda igiya ta tsaya a kanta, ƙafafun biyu suna tsayi ɗaya. Taku biyu na ma'aunin mita huɗu ne, faɗin rabin wata guda.

Sai a kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiyar mita biyu, a zana rabin da'ira ta gefen gangara, bakinta na kallon inda ruwa ke fitowa. A haƙa cikin santimita 15 zuwa 25, a jera ƙasar a kan zanen ta kai tsayin santimita 30 zuwa 40, a daddale ta, a sa duwatsu a ƙahonin. Tazarar mita huɗu tsakanin wannan da wancan, mita huɗu tsakanin layuka. Kowane guda yana cin baro ɗaya na taki. Idan aka haɗa da na tassa, kusan kilo 400 muke nema, baro 12 ke nan.

Itatuwa

Kowane rabin wata zai samu itace ɗaya: gawo, bagaruwa, aduwa ko magarya. Yara su tattaro ledar ruwan sha da aka yar, a yanke bakinta, a huda gindinta wuri uku ko huɗu, a cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa ɓawonsu na da tauri: a tafasa ruwa, a sauke, a zuba su, su kwana a ciki. Ledar da ba a huda ba ruwa ke kwanciya a cikinta, saiwa ta mutu. Kusan wata uku suke so a inuwa, shi ya sa ake shukawa yanzu don su isa dashe ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa.

Ranar kuwa cikin hutu take faɗawa, kuma a nan ne yawancin itatuwan makarantu ke ƙarewa a bakin awaki. Kowane dashe sai an kewaye shi da ƙaya ko tsofaffin tubala tun ranar da aka dasa shi. Ƙungiyar iyaye mata za ta tsara wanda zai riƙa leƙawa kowane mako har a koma aji a Oktoba.

Za a fara aiki ranar Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, a tashi ƙarfe tara kafin rana ta yi zafi. Yara ba za su riƙe diga ba, nasu awo ne da zane da zuba taki. Kowa ya zo da takalmi da gorar ruwa, kuma a juya dutse da sanda kafin a ɗauka, saboda kunama. Mai amalanke ya taimaka da jigilar taki. Wanda ya kawo kayan aiki ya yi musu alama, ya rubuta sunansa wurin mai gadi.

Hukumar makaranta da kwamitin COGES