Godiya ga Hajiya mai shagon kayan kwalliya a Babbar Kasuwar Yamai

Assalamu alaikum Hajiya, ke da ƴan matan da ke taya ki tsaron shago.

Ni mai yi wa amare kwalliya ce a unguwar Bukoki. Na zaɓi in yi miki godiya a bainar jama'a ne domin alherin da kika yi ba ni kaɗai ya shafa ba.

Kin kawo mana hoda, jan baki, jagira da gazal waɗanda ba a gwada su a jikin dabbobi ba, kuma kin sa musu kuɗin da talaka zai iya biya. Da, irin waɗannan kaya sai mai dangi a Faransa ke samunsu. Yau yarinya mai koyon sana'a za ta shigo da jikka biyu ko uku, ta fita da jan bakin Essence ko Catrice, kayan kamfanin Jamus, na ainihi ba jabu ba.

Masu cewa araha ba ta ado su zo su ga aikin kayan nan a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40. Amarya za ta zauna ƙarƙashin rumfa tun azahar, ƙawaye na rungume ta, zufa na keto mata, ga hawayen rabuwa da gida, amma har magariba gazal bai zubo ba, hoda ba ta dagule ba. Kuma kin yi tunanin mu baƙaƙen fata: kalolin da kike zaɓowa suna bin jiki, ba sa barin fuska kamar an shafa mata toka. Da hunturu, shawararki ta a fara shafa man kaɗanya a leɓe kafin jan baki ta raba ni da ƙorafin tsagewar baki.

Maganar dabbobin ita ta fi taɓa ni. A shagonki na fara jin cewa tun 1944 aka ƙirƙiro wani gwaji a Amurka, inda ake ɗaure zomo a ɗiga masa sinadari a ido don a ga irin ɓarnar da zai yi. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi tun 2013, Indiya ma ta bi sahu a 2014. Mu kuwa tun muna makarantar allo aka karanta mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba sha. To ta yaya zan yi wa ɗiyar mutane ado da abin da aka makantar da halittar Allah a kansa, alhali akwai wanda ba haka aka yi shi ba?

Sai kuma gaskiyarki. Kin nuna mana cewa ba kowane hoton zomo a jikin kwali ne ke shaida cewa ba a gwada kayan a kan dabbobi ba. Wani kamfanin da kansa yake zanawa, ba kamar tambarin Leaping Bunny ba, wanda sai an bincika ake bayarwa. A gabana kika gaya wa wata baiwar Allah cewa jan bakin da ta ɗauka, ko da ba a gwada shi a kan dabba ba, launinsa daga jikin wani ƙwaro aka samo shi, kika bar ta ta zaɓa da kanta. Man bilicin kuwa kin ƙi ajiye shi sam, duk da kasuwar da yake yi.

Roƙona ɗaya ne: ki ƙaro hoda mai duhu sosai kafin Sallah, don ita ke fara ƙarewa, kuma abokan sana'armu na Tawa da Maraɗi ta hannunmu suke aiko saye. Allah Ya sa albarka a dukiyarki, Ya tsare ki daga hasara.

Taki,
mai kwalliyar amare daga Bukoki, Yamai