A Riƙa Bayyana Yadda Ake Gane Sinadaran Taurari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake kawo mana labaran sararin samaniya. Sau da yawa akan rubuta cewa masana sun gano ƙarfe ko wani sinadari a jikin tauraro, amma ba a faɗin hanyar da suka bi, shi ya sa mai karatu yake ɗaukar maganar a matsayin shaci-faɗi. Ban ga laifinsa ba, tunda babu wanda ya je can ya ɗebo wani abu ya kawo. Ko masanin falsafar nan na Faransa, Auguste Comte, ya rubuta a 1835 cewa ɗan Adam ba zai taɓa sanin abin da taurari suka ƙunsa ba.

Hasken tauraron shi ne shaidar. Idan hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, yakan rarrabu zuwa launukan bakan gizo, kuma a 1814 wani gwanin haɗa gilashi a Jamus, Joseph von Fraunhofer, ya ƙirga siraran layuka baƙaƙe fiye da 500 a cikin waɗannan launuka. Sai a 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka nuna a Heidelberg cewa kowane sinadari yana da launukan da yake fitarwa idan ya yi zafi, kuma su ne dai yake haɗiyewa idan haske mai ƙarfi ya bi ta cikin tururinsa, ya bar gurbinsu baƙi. Layukan nan tamkar tsagar fuska suke, da an gan su an san asalin mai su. Wanda ya barbaɗa gishiri a harshen wutar gas zai ga ta koma ruwan ɗorawa saboda sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin, kuma daidai wurin wannan launi akwai layuka baƙaƙe biyu a hasken rana.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne labarin hiliyum. A 1868 Norman Lockyer na Ingila ya lura da wani layi ruwan ɗorawa a hasken gefen rana wanda bai dace da na sodiyam ba, ya ce na wani sinadari ne da ba a sani ba, wanda aka sa wa suna hiliyum. Masana da yawa ba su yarda ba, har sai da William Ramsay ya samo shi daga wani ma'adini a 1895. Haka kuma a 1925 Cecilia Payne ta nuna a Harvard cewa haidurojin da hiliyum ne mafi yawan abin da ke cikin taurari. Wani babban masanin taurari, Henry Norris Russell, ya ƙi amincewa da farko, amma a 1929 nasa lissafin ya tabbatar da nata. A yau an san kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin rana haidurojin ne.

Don haka ina roƙon duk lokacin da za ku buga irin wannan labari ku ware sakin layi ɗaya ku faɗi na'urar da aka yi awon da ita da layin da aka gani, domin malaman kimiyya na sakandare su sami abin karanta wa ɗalibai kafin su gwada musu gishiri a wuta.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Zariya.