Godiya ga sashen taragai na reluwe, daga tsofaffin ma'aikata mazauna Jos

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Manajan Darakta na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, tare da injiniyoyi da shugabannin aiki da duk mai shiga ƙarƙashin tarago da sifana a hannu.

Mu tsofaffin fitoci ne, wato masu kwancewa da haɗa ƙarafan tarago, da kafintoci da masu walda da fentoci na sashen taragai, waɗanda yanzu ke zaune a Jos da Bukuru. Fasinja ya san direba, ya san mai yankan tikiti, amma da wuya ya san wanda ya shiga rami ya duba birkin da ya sauko da shi lafiya daga Kuru zuwa Kafanchan. Wannan sashe muke yi wa godiya a bainar jama'a, saboda sana'ar da ya koyar da tarbiyyar awo da ya dasa, tun kafin a kafa hukumar a 1955 da kuma bayan nan.

Gaskiya ɗaya tukuna. Taragan fasinja daga waje ake sayo su, da farko daga Ingila. Amma wanda ya ga yadda ake yi wa tarago babban gyara a Ebute Metta ko Inugu ko Zariya ya san saura ƙiris a ce ƙira ce sabuwa. Ana shigo da shi kan rami, a kwance sandunan birki, a cire bel ɗin dainamo mai ba da wuta, a zare makullin tsakiya da ke riƙe da bogi, wato akwakun da ƙafafu ke ciki. Sai jak huɗu a wuraren da aka tanada, a ɗaga tare, mutum ɗaya ne kawai ke ba da umarni. In kusurwa ɗaya ta riga sauran, gangar jiki ta murɗe, daga baya ƙofofi su ƙi rufuwa. A turo bogi biyun waje, a ɗora jikin a kan dirakun ƙarfe. Ba a yarda kowa ya shiga ƙasa jak kaɗai na riƙe da tarago ba, ko da noti ɗaya zai ɗauko.

Ƙafa ita ce uwar aiki, a nan ne aka fi matsa wa mai koyo. Faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, kuma layin da ya iso Jos daga Kafanchan a 1927 hawa ne da kwana-kwana, ta Kagoro da Manchok. Kwana na cin leɓen ƙafa, wannan bakin da ke hana ta fita daga dogo. In ya siranta ya yi kaifi, yana iya kutsawa cikin bakin canjin layi ya raba shi, tarago ya faɗi. Don haka da geji, wato ƙarfen awo, ake auna shi, ba a yarda da ido. Bayan ƙafar da ke taka dogo kuma ba a miƙe yake ba, an ɗan karkata shi, kamar inci ɗaya cikin ashirin, don ƙafafun su riƙa komawa tsakiyar layi da kansu. In ya cinye, sai a kai injin sassaƙar ƙarfe a dawo da siffar, kuma ƙafa biyun da ke kan sanda ɗaya dole su fito girma ɗaya, in ba haka ba tarago ya riƙa jingina gefe guda yana cin leɓe ɗaya.

Tsofaffin ƙafafu zobe ne na ƙarfe mai tauri aka sa musu. Ana huda zoben ya gaza cibiyar ƙafar da wajen kashi ɗaya cikin dubu, a zagaye shi da wuta har ya buɗe ba tare da ya yi ja ba, a zura cibiyar, a bar shi ya huce da kansa. Mai gaggawar da ya watsa ruwa ya ɓata zoben. Daga nan a ja layin farin fenti ya ratsa zobe da cibiya. Ranar da aka ga layin ya rabu biyu, zoben ya fara juyawa ke nan. Wannan ne dalilin mutumin da aka saba gani a tasha yana bin jirgi da doguwar guduma. Lafiyayyar ƙafa ƙara take yi garau kamar ƙararrawa, mai tsaga ko sakakken zobe kuwa sai ta ce ƙwas, kamar fasasshiyar tukunya.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan Filato musamman. Kafin zuwan boris mai 'ya'ya, sandar ƙafa tana juyawa ne a ƙarƙashin tagulla da aka zuba wa farin ƙarfe mai laushi, kuma kuza na cikin haɗin wannan ƙarfe. Kuzar da ta sa aka ja ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957, ita ce kuma a cikin akwatin ƙafar tarago, inda bakin sandar ke juyawa. Bayan an zuba farin ƙarfen, sai fita ya shafa bula a bakin sandar, ya ɗora tagullar ya juya, ya ɗaga ya kankare duk inda shuɗi ya kama, ya maimaita har tabon ya bazu ko'ina daidai. Aikin yini ne, ba ya son mai fushi. A ƙasa kuma ulu ne ko auduga jiƙe da mai yana shafar sandar. Da hunturu ƙura ta shiga ta bayan akwati in marfin ƙura ya mutu, da damina ruwa ya shiga ya kore mai, ko zare ɗaya ya kutsa tsakanin sanda da tagulla. Ko wanne ya faru, akwati ya yi zafi, farin ƙarfe ya narke, in ba a tsaya ba sanda ta karye. Mai duba jirgi da bayan hannu yake taɓa kowane akwati da zarar an tsaya, hancinsa ma yakan riga hannun ji.

Birkin tsohon layi kuwa na zuƙar iska ne. Inji na zuƙe iskar bututun da ya bi jirgin daga kai har wutsiya, agogo ya nuna wajen inci 20, sannan birki ya saki. In tarago ya tsinke, tiyo ya rabu, iska ta shiga, birki ya kama da kansa. Abin da ke kashe shi ƙanana ne: robar bakin tiyo da rana ta busar, zoben roba na cikin silinda da ya murɗe, tiyon tarago na ƙarshe da ba a zaunar a mazauninsa da kyau ba. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, iska ba ta kai ta Legas nauyi ba, don haka yoyon da za a yi wa uzuri a bakin teku a nan sai ya nuna kansa. Takalman birki na baƙin ƙarfe, in an ɗaure su fiye da kima, ƙafa ta ja a kan dogo ta yi tabo, shi ne ƙwanƙwasar da fasinja ke ji har gari ya waye.

Kafintoci sun san ruɓa daga ƙarƙashin bayan gida da gindin taga take farawa. Fentoci kuma a kankare tsatsa har ƙarfe ya yi fari, jan fenti tukuna, ciko, gogewa, sannan launi.

Ranka ya daɗe, da yawa daga cikin waɗanda suka fito daga wannan sashe da hannunsu suka ci gaba da ci, suka kuma yaye yara a walda da kafinta da gyaran manyan motoci. Mun gode wa shugabannin aikin da ke mayar da aiki in geji bai zauna ba, komai ƙurewar lokaci, da masu sito da ba su ba da sabon ƙarfe sai an kawo tsohon. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Gaisuwa kuma ga ƙannenmu da 'ya'yanmu masu kula da taragan layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Faɗin layinku milimita 1,435 ne, birkinku na matsa iska ne, boris ɗinku a rufe yake, amma leɓen ƙafa har yanzu yana cinyewa a kwana. Roƙonmu ɗaya: in da hali, a riƙa gayyato tsofaffin masu duba ƙafa su zauna da masu koyo ko da yini biyu ne, a kawo musu ƙafa mai lafiya da mai tsaga su buga yara su ji da kunnensu.

Wassalam.

Tsofaffin ma'aikatan sashen taragai, Jos