Mutumina, Baba ya dawo cin abinci

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya ruwan Fatakwal? Na ga saƙonninka a jere, har da na ƙarshen nan da ka ce in dai ina raye in yi tari. To ga shi na yi. Inda muka je, layin wayar da na saya a Delhi ba ya aiki, domin a Kashmir ba a barin layin kati na wata jiha ya kama. Bari in fara sauke abin da ya cika mini zuciya: Baba ya dawo cin abinci.

Ka san yadda na kwatanta maka shi bayan aikin tiyatar da aka yi masa. Likitoci sun ce komai ya tafi daidai, amma mutum ya ƙi ci. A kawo shinkafa ya ture, a kawo burodi ya gutsura ya ajiye. Warin kayan yajin nan nasu kaɗai yana tayar masa da zuciya, ga zafin Delhi mai naso, ga ɗakin haya da ba ka ganin komai ta taga sai bangon maƙwabci. Babbar rigarsa ta koma kamar ta aro. Hajiya kullum sai ta tambaye ni a waya me ya ci, ni kuwa in rasa ta cewa. Abokin karatuna na garin Aligarh a nan Indiya, Bakashmiren nan da na taɓa ba ka labari, shi ya ce in kai shi garinsu ya sha iska kafin ranar komawa asibiti, kawunsa yana da gidan jirgi a tafkin Dal. Likita ya amince, muka hau jirgin sama zuwa Srinagar.

Kada ka ɗauka jirgi ne mai yawo. A ɗaure yake wuri guda, jere da 'yan'uwansa, sai an ɗauko ka daga bakin titi a wani dogon kwale-kwale mai rumfa da katifa, shikara suke ce masa, filafilinsa mai siffar zuciya. Gida ne sosai: falo, ɗakin cin abinci, ɗakunan kwana kowanne da banɗakinsa, da baranda a gaba mai kallon duwatsun Zabarwan. Duk da katakon deodar aka yi shi, itacen da ke jure ruwa shekara da shekaru, ƙamshinsa har cikin bargo. Silin ɗin 'yan gutsattsarin katako ne aka saƙa cikin juna babu ƙusa. Baba, da yake ɗan gidan masassaƙa ne, ya daɗe a kwance yana bin zanen da ido. Asalin abin kuwa daga Turawan Ingila ne. A ƙarshen shekarun 1800 suna gudo zafi su hau Kashmir, sarkin ƙasar ya hana baƙo mallakar fili, sai suka sa aka gina musu a kan ruwa. Shi ya sa har yau yawancin jiragen sunayen Turanci ne a goshinsu.

Masu jirgin kuwa ba a ciki suke kwana ba. A baya akwai 'yar gadar katako da ke kaiwa ga wani ƙaramin jirgi da rumfa, nan ne kicin, nan iyali suke, tsoho da tsohuwa da jikoki. Daga nan abincinmu ke fitowa. Daren farko aka jero kaza da nama da miya kala-kala, irin abin da suka saba yi wa baƙi. Baba ya duba ya yi godiya ya sha ruwa. Tiren ya koma yadda ya zo.

Washegari da rana sai ga yaron gidan da kwano biyu kacal. Uwargidan ce ta aiko, ta ce a gwada masa abin da su suke ci. Farar shinkafa ce, sai wani ganye mai faɗi dangin kabeji, haak, an dafa shi a ruwa da ɗan mai da gishiri da busasshen barkono guda, ko yanka shi ba a yi ba. Gefe ga kindirmo. Baba ya wanke hannu, ya ja kwanon gabansa, ya tsiyaya romon ganyen a kan shinkafar, ya cuɗa da yatsu ya kai baki. Ya yi shiru. Ya sake kaiwa. Ni ina zaune na ƙi ko motsi kada in katse shi. Da ya ga ƙasan kwano sai ya ɗago ya ce, "Akwai saura?" Wallahi mutumina fita na yi baranda, hawaye suna zuba, na ari wayar yaron na kira Hajiya. Guɗa ta yi mini a kunne.

Tun daga ranar sai abin ya buɗe. Da sassafe ana kawo burodin gari mai zafi daga gidan mai tanderu, da wani shayi ruwan hoda mai gishiri maimakon sukari, noon chai, ana jefa masa 'yar soda ne wajen dahuwa shi ya sa yake wannan launi. Baba ya kurɓa ya ce ai wannan ɗan'uwan kunun kanwa ne, ya shanye. Ni dai na fi son kahwa ta la'asar, mai za'afaran da kirfa da dakakken almon, ana zubowa daga wata butar tagulla mai garwashi a tsakiyarta. Za'afaran ɗin a nan kusa ake nomansa, a Pampore. Kai da ka iya zuba cokali huɗu na sukari a kofi guda, da ka zo nan sai dai a mayar da kai Zariya a kwance. Ku Zazzagawa dama ina kuka san shayi?

Af, na ji wai angon bana har ya fara neman ta biyu? Kawu ne ya faɗa wa Baba a waya, Baba ya yi salati ya ce a gaya masa ya fara biyan bashin ta farko. Ka je ka same shi ka yi masa magana ta hankali, kai yake jin maganarka. Kuma babur ɗin nan, in ka sayar da shi ban dawo ba, ni da kai ne.

Abin da ya fi ratsa Baba shi ne asuba. Kiran salla yana zuwa ta kan ruwa daga ko'ina, sannan bayan an idar sai ka ji masallatai sun ɗauki zikiri da murya ɗaya, da ƙarfi. Wuridi ne da suka gada daga Mir Sayyid Ali Hamadani, malamin da ya zo musu daga ƙasar Farisa a ƙarni na 14. Baba yakan nannaɗe da bargo ya zauna a baranda da carbinsa har su gama. A nan suka ƙulla da tsohon gidan. Babu Hausa, babu Kashmiranci, sai Ƙur'ani. Wannan ya ja aya, wancan ya ƙarasa. Da tsohon ya ji Baba yana karatu da Warshu sai ya matso ya riƙe masa hannu, yana sa shi maimaita Fatiha. Da sanyi ya ɗan sauko ya miƙa masa kangri, kaskon garwashi ne a cikin ɗan kwando, suna rungume shi a ƙarƙashin doguwar rigarsu. Sun ce sanyin gaske sai kwana 40 ɗin da ke farawa 21 ga Disamba, lokacin da har gefen tafkin yake daskarewa.

Wata asubar na bar Baba na bi yaron zuwa kasuwar kan ruwa. Babu rumfa, babu tebur, kwale-kwale ne ke gogar kwale-kwale, ana cinikin tumatir da kokwamba da duma da ganye, mai saye ya riƙe bakin jirgin mai sayarwa da ƙafa har su daidaita. Kafin rana ta ɗaga an watse. Kayan ma a kan ruwan ake nomansu: suna tara ciyawar tafki su saƙa ta, su ɗora laka, su yi shuka a kai, su kafe gonar da sanda kada ta tafi. Har gidan waya akwai a cikin jirgi, an buɗe shi a 2011. Ran Juma'a kuma na kai Baba Hazratbal, farin masallacin bakin tafki inda suke ajiye da gashin da suka ce na Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallam. Sai a ranaku na musamman ake fito da shi, ba mu dace ba. A ƙofa Baba da kansa ya nuna mai tuyar karan bado ya ce a saya masa. Mutumin da ake lallashi ya sha ruwan shayi!

An ɗaura aure a maƙwabta aka gayyace mu wazwan. Mutum huɗu ake zaunarwa a kan faranti guda na tagulla, mu dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ana zagayo da buta da tasa a wanke hannu, sannan masu dahuwa su yi ta sauke nama iri-iri a kan shinkafar, cikakkensa an ce kala 36 ne. Akwai curin naman da aka kwana ana dakawa a kan dutse da gudumar itace har ya yi sulɓi, na ƙarshe a cikin miyar kindirmo, gushtaba, in ka gan shi an rufe. Har leda ake raba wa baƙi su ƙulle abin da ya rage. Baba ɗanɗanawa kawai na bari ya yi, saboda sharaɗin likita.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mai gidan ya nuna mini inda katakon ƙasan jirgin ya fara ruɓewa. Hukuma ta hana ƙera sabo, gyara ma sai da izini, kafintocin da suka iya aikin suna ta ƙarewa. Ana ɗora musu laifin ƙazantar tafki, shi kuwa ya ce a je a dubi magudanan gari tukuna, kuma ni ma na ga inda baƙin ruwa ke gangarowa daga unguwanni. A ambaliyar Satumbar 2014 da waɗannan kwale-kwalen aka yi ta kwaso mutane daga saman gidaje. A 2019 kuma baƙi suka ɗauke ƙafa, ga korona ta biyo baya. Sojoji har yanzu a kowace kwana. Babban ɗansa ya ce shi Dubai zai tafi. Ban ga laifin yaron ba, amma ina jin ciwon abin, domin mutanen da suka lura da tiren dattijon da ba su sani ba, bai kamata sana'arsu ta mutu a hannunsu ba. Ka sa su a addu'a.

Yanzu mun dawo Delhi, an auna Baba, likita ya ce nauyinsa ya ƙaru, kuma ya ba mu izinin tafiya gida. Ina neman tikiti, in ya samu zan sanar da kai ko za ka iya haurowa Kano ka tarye shi. Baba yana gaishe ka, ya ce a tuna maka da goron da ka yi masa alkawari, fari yake so, daushe. Uwargida kuma ta aiko mini da launin mayafin da take so kafin mu taso. Ka shafa mini kan yara.

Wassalam,
naka har kullum.